ABU ABDULLAHI ƘARAMI, SARKIN GARNAƊA NA ƘARSHE

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, an saba kawo muku tarihin mazajen da ake koyi da su. Wannan karon mutumin da za mu karanta ba abin koyi ba ne. Sunansa Abu Abdullahi Muhammadu ɗan Ali, Larabawa suna ce masa Assagir, watau Ƙarami, mutanen Asbaniya kuwa da harshensu ya kasa kama sunan sai suka mai da shi Boabdil. Shi ne ya miƙa mabuɗan birnin Garnaɗa a ranar 2 ga Janairu, 1492, wadda ta zo daidai da 2 ga Rabi'ul Awwal, shekara ta 897 bayan Hijira. Da wannan aka rufe mulkin Musulmi a Andalus, wanda aka buɗe tun shigar Ɗariƙu ɗan Ziyadu a shekarar 711. Lokacin da ya fara aikin da ya kai ga wannan ranar, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Watau sa'an yawancinku ne.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Garnaɗa. Littattafanta suna cikin zaurukanmu. Imamu Shaɗibi, mai littafin Al'i'itisam wanda ya warware mas'alar bidi'a, ɗan Garnaɗa ne, a nan ya rasu a 1388. Ibnu Juzayyi mai Ƙawaninul Fiƙhiyya ɗan garin ne. Ibnu Asim mai Tuhfatul Hukkam, wadda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna karantawa, alƙalin garin ne. Shehu Mawwaƙ, wanda ya yi wa Muhtasar sharhi mai suna Attaju wal Iklil, yana raye a cikin birnin ranar da aka miƙa shi, a cikin shekarar kuma Allah Ya karɓi ransa. Don ku kama zamanin sosai, lokacin Muhammadu Rumfa ne yake sarautar Kano.

GIDAN DA YA TASHI A CIKI

An haifi Abu Abdullahi wajen shekarar 1460 a gidan sarautar Banul Ahmar. Kakansu na farko, Muhammadu ɗan Ahmar, ya kafa daular a Garnaɗa a 1238, shekara biyu bayan Ƙurɗuba ta faɗa hannun Kiristoci. Sai dai tun tushe akwai tsaga, domin don ya tsira da sarautarsa ya yarda ya riƙa biyan haraji ga Sarkin Ƙashtala, har ya ba shi gudummawar mayaƙa a yaƙin da aka ci Ishbiliya da shi a 1248. A haka daular ta rayu shekara ɗari biyu da hamsin, yau yaƙi gobe haraji, tana cin albarkacin duwatsun da suka kewaye ta da kuma rashin jituwar maƙwabtanta.

Wannan rashin jituwa ya ƙare a 1469, sa'ad da Fardinan ɗan Sarkin Aragon ya auri Izabela ta Ƙashtala. Ta hau gadon sarauta a 1474, shi kuma a 1479. Ƙasashe biyu suka zama tsintsiya ɗaya. To, a daidai wannan lokaci me ake ciki a fadar Alhamra?

Mahaifin Abu Abdullahi, Sarki Abul Hasan Ali, jarumi ne, babu mai musun wannan. Amma shi kansa ture mahaifinsa Sa'adu ya yi a 1464 ya hau. Ku riƙe wannan. Sa'an nan ya ɗauki wata baiwa Kirista da aka kamo, ta musulunta aka sa mata suna Surayya, ya fifita ta da 'ya'yanta a kan uwargidansa A'isha, wadda ita ma jinin sarauta ce. Kishin cikin gida ya fito ƙofar fada. Manyan gari suka rabu biyu, babban gidan nan na Banu Sarraj ya koma bayan A'isha da ɗanta, talakawa kuma suna kuka da nauyin haraji. Abu Abdullahi ya girma yana jin ana faɗa masa dare da rana cewa za a ƙwace masa gadonsa.

A ƙarshen 1481 Abul Hasan ya kai hari ya kama garin Zahara. A Fabrairun 1482 Kiristoci suka rama, suka kama Alhama, gari mai ganuwa a tsakiyar ƙasar, wanda yake tsare da hanyar Garnaɗa zuwa Malaƙa. Yaƙi ya tashi ke nan. A watan Yuli Fardinan ya zo da kansa ya kewaye garin Losha, Musulmi suka fatattake shi. To, uban yana can bakin daga, sai ɗan ya sulale, magoya bayansa suka naɗa shi sarki a bayan idon mahaifinsa. Abul Hasan ya dawo ya tarar an rufe masa ƙofa, dole ya koma Malaƙa wurin ƙaninsa Muhammadu ɗan Sa'adu, wanda ake wa laƙabi da Azzagal saboda jarumtakarsa. Abin da ya yi wa mahaifinsa shekara goma sha takwas da suka wuce, ga shi an yi masa. Amma wannan ba hujja ba ce ga ɗan. Zaluncin uba ba ya halatta wa ɗa ya raba rundunar Musulmi alhali abokin gaba yana ƙofar gari.

KAMU A LUSENA

A watan Maris na 1483 Azzagal ya yi wa wata babbar rundunar Ƙashtala kwanton ɓauna a duwatsun gabashin Malaƙa, ya yi musu mummunar ɓarna. Sunan uba da baffa ya sake tashi a bakin jama'a. Abu Abdullahi ya ga in bai yi wani abu ba mutane za su gudu su bar shi. Saboda haka a watan Afrilu ya ɗebi runduna ya tafi ya far wa garin Lusena a cikin ƙasar abokan gaba. Ku lura, ba maslahar yaƙin ce ta fitar da shi ba, gasa ce da 'yan gidansu. Aka karya rundunar, aka kashe surukinsa Aliyu Al'aɗɗar, tsohon barden da ya kare Losha, shi kuma aka kama shi da ransa.

A nan ne Garnaɗa ta faɗi, ko da yake sai bayan shekara tara aka karɓi mabuɗan. Fardinan ya zauna da mashawartansa, wasu suka ce a tsare shi, wasu suka ce ai sakinsa ya fi amfani, domin sarki a kurkuku ba ya raba kan kowa. Aka bi shawara ta biyu. Abu Abdullahi ya sa hannu cewa shi bara ne ga sarakunan Ƙashtala, zai riƙa biyan haraji na zinariya kowace shekara, zai saki fursunonin Kirista, zai yaƙi mahaifinsa, ya kuma ba da ɗansa ƙarami jingina. Ya sayi 'yancin kansa da 'yancin al'umma. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Malaman Garnaɗa ba su yi shiru ba. A watan Ramadan na 888, watau Oktoban 1483, suka haɗu suka fitar da fatawa, wadda Wansharisi ya adana mana a cikin littafinsa Almi'iyar. Abin da ta ƙunsa shi ne warware mubaya'ar Abul Hasan ba shi da madogara a Shari'a, haɗa kai da abokan gaba a kan Musulmi kuwa haramun ne, duk wanda ya taimaka a kan haka da baki ko da hannu ya saɓa wa Allah da ManzonSa. Waɗannan malamai sun san laifuffukan Abul Hasan sarai, ba wanke shi suka yi ba. Sun auna ɓarna biyu ne suka ga wadda ta fi girma. Amma talaka ya gaji da yaƙi, gonarsa ana ƙone ta kowace damina, ga shi kuma an ce masa duk garin da ya bi Abu Abdullahi ba za a taɓa shi ba. Sai maganar ciki ta rinjayi maganar malamai.

GARI BAYAN GARI

A 1485 ciwo ya kwantar da Abul Hasan, sarauta ta koma hannun Azzagal, tsohon ya rasu a shekarar. A shekarar nan kuma Ronda ta faɗi. Fardinan ya zo da abin da ganuwar Andalus ba ta saba da shi ba, watau manyan igwa masu rushe bango a cikin 'yan kwanaki. A 1486 aka ci Losha, Abu Abdullahi yana ciki, aka sake kama shi, aka sake sakinsa. Ya lallaɓa ya shiga unguwar Albayyazin, wadda take kan tudu tana fuskantar Alhamra. Wata da watanni Musulmi suna yanka juna a lungunan birni guda, mutanen unguwa da mutanen fada, makamai da albarushi suna shigo wa Abu Abdullahi daga Ƙashtala. Subhanallahi! Masallatai ɗaya, alƙibla ɗaya, mazhaba ɗaya.

A bazarar 1487 Azzagal ya fita don ya ceci garin Balash, kusa da Malaƙa. Bai yi nasara ba, yana juyowa ya ji ɗan wansa ya mamaye Garnaɗa. Dabarar nan dai da aka yi wa uban ita aka maimaita wa baffan. Daga nan Kiristoci suka yi wa Malaƙa zobe, babbar tashar jiragen ruwan daular, ƙofar da taimako zai iya shigowa daga Magrib. Wata uku mutanenta suna jurewa a ƙarƙashin kwamandansu Assagri, har abinci ya ƙare. Marubutan Kirista na zamanin sun rubuta cewa gudummawar da Azzagal ya aiko, mutanen Abu Abdullahi ne suka tare ta a hanya suka tarwatsa. Garin ya miƙa wuya ranar 18 ga Agusta, aka mai da mutanensa bayi, maza da mata da yara, har aka aika wa Paparoma ɗari daga cikinsu kyauta.

Ina sauran Musulmin duniya? Alƙali Ibnul Azraƙ ya ƙetara har Masar ya kai kuka wurin Sarki Ƙaitabai. Amma daga 1485 zuwa 1491 Mamalik na Masar da Usmaniyawa na Istanbul suna can suna gwabza yaƙi tsakaninsu. Iyakar abin da Ƙaitabai ya yi shi ne ya aiko waɗansu fadafada biyu daga Ƙudus da takardar gargaɗi. Aka karɓe su da girmamawa, aka sallame su, aka ci gaba da yaƙi. Basɗa ta jure wata shida ta faɗi a Disamban 1489. Azzagal ya karaya ya miƙa Almariya da Wadi Ash, daga baya ya ƙetara Arewacin Afirka.

Sai Fardinan ya juyo ya ce wa baransa, to, saura alkawari, kawo Garnaɗa. A nan idon Abu Abdullahi ya buɗe. A yi masa adalci, a 1490 ya ƙi, ya fita da mayaƙa ya ƙwato wasu ƙananan wurare, ya yi ƙoƙarin buɗe hanya zuwa teku ta garin Shalubaniya bai samu ba. Ihu bayan hari. Tashoshin ruwan duk sun tafi, mazajen da za su tsaya masa an ƙare su, wasu da taimakonsa. A Afrilun 1491 aka kewaye birnin. Da gobara ta cinye tantunan sansanin Kiristoci, sai suka gina gari na dutse a wurin suka kira shi Santa Fe, don na ciki su san ba ranar tashi. Hunturu ya shigo, ƙanƙara ta toshe hanyoyin duwatsu da abinci yake bi. Wazirai biyu, Abul Ƙasim Almulih da Yusufu ɗan Kumasha, suka riƙa fita da dare a asirce suna ciniki.

TAKARDU BIYU

Ranar 25 ga Nuwamba, 1491, aka sa hannu. Maƙƙari ya ce sharuɗɗan sittin da bakwai ne, kuma wanda ya karanta su zai ce Musulmi sun yi riba. Masallatai da waƙafi za su zauna yadda suke, alƙalan Musulmi za su ci gaba da hukunci da Shari'a, ba za a hana kiran salla ba, ba za a tilasta wa kowa barin addininsa ba, har wanda ya musulunta daga Kiristanci. Amma a gefe akwai takarda ta biyu, ta sarki shi kaɗai da iyalinsa, wadda ta ba shi filaye a duwatsun Albusharat da kuɗin zinariya masu yawa. Mutumin da yake cinikin makomar al'umma yana cinikin rabonsa a zama guda, yaya za a yi ya tsananta?

Akwai labarin nan da ya shahara, wai da ya hau wani tudu ya waiwayi birnin ya yi kuka, mahaifiyarsa ta gorantar masa a kan kukan abin da ya kasa karewa. Daga alƙaluman marubutan Kirista labarin ya yaɗu, ba ma bukatarsa. Abin da ya tabbata ya ishe mu.

Takarda ba ta da ƙarfi sai da ƙarfin mai ita. Shekarun farko babban limamin cocin da aka naɗa, Talabera, ya bi a hankali, yana lallashi. A 1499 aka kawo wani mai zafi, Sisneros, ya shiga yi wa mutane baftisma jama'a jama'a, ya mai da masallacin Albayyazin coci, ya sa aka tara littattafan Larabci dubbai a dandalin Babur Ramla aka cinna musu wuta, ya keɓe na likitanci kawai. Da mutane suka yi bore, sai aka ce ai su suka warware yarjejeniya. A 1502 doka ta fito, Musulmin ƙasar Ƙashtala ko ya karɓi Kiristanci ko ya fita. Shekara goma ke nan kacal. A 1526 dokar ta game Aragon. Har ta kai wani malami daga Wahran ya aika musu da fatawa a 1504 yana koya musu yadda za su yi salla da ishara, su ɓoye imaninsu a zuci. A 1567 aka hana harshen Larabci da tufafinsu da sunayensu. Suka yi tawaye a 1568 aka murƙushe su, daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kori wajen mutum dubu ɗari uku daga ƙasar kakanninsu.

Abin bai tsaya a Andalus ba, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa muku ba a darasin tarihi na makaranta. A cikin taron da ya kalli miƙa mabuɗan akwai wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya mai suna Kolumbus, wanda ya daɗe yana bin fada ana ce masa ya jira a gama yaƙi. A garin nan na Santa Fe aka sa hannu a kan yarjejeniyarsa ranar 17 ga Afrilu, 1492, 'yan makonni bayan an ba da dokar korar Yahudawa. Ya tashi ranar 3 ga Agusta, har da tafinta mai jin Larabci, don yana zaton Asiya zai sauka. Ranar 12 ga Oktoba ya isa tsibiran Amurka. Ƙasar da ta horu da yaƙin shekara goma sai ta juya takobinta waje. A gaɓar Afirka ta kama Malila a 1497, wadda har yau tana hannun Asbaniya, sa'an nan Wahran a 1509, Sisneros da kansa ya raka rundunar, sa'an nan Ɗarabulus a 1510. A ƙetaren teku Kortes ya rushe daular Aztek ta Meziko a 1521, a cikin wasiƙunsa kuma ɗakunan bautar mutanen wurin masallatai yake kiransu, don shi abokin gaba iri ɗaya ya sani. Bizaro ya kama Atahuwalfa sarkin Inka a 1532, a daidai lokacin da sarkin ya gama yaƙin basasa da ɗan'uwansa a kan gadon sarauta. Kun ji irin ƙofar da ake shigowa ta cikinta. Mutanen waɗannan ƙasashe ba Musulmi ba ne, amma zaluncin da aka yi musu zalunci ne, aikin tilas da cututtukan da baƙin suka kawo sun hallaka miliyoyinsu. Da jiragen Asbaniya suka zagaya har Manila suka kama ta a 1571, sai suka tarar da sarakuna Musulmi, irin su Raja Sulaimanu. Suka kira su Moro, sunan da suke kiran Musulmin Andalus da shi, sunan kuma yana nan a kan Musulmin kudancin Filifin har yanzu.

ƘARSHENSA

Shi kuwa mai filaye a Albusharat bai ci moriyarsu ba. Sarakunan ba su son ganinsa kusa da mutanensa. A 1493 wazirinsa ɗan Kumasha ya je ya ƙulla cinikin sayar musu da filayen, Abu Abdullahi ya ga ba makawa ya amince. A shekarar matarsa Maryamu ta rasu. A watan Oktoba ya shiga jirgi da iyalinsa da mabiyansa sama da dubu, ya nufi Maroko.

Ya aika wa Sarkin Fas, Muhammadu Asshaikh Alwaɗɗasi, doguwar wasiƙa ta neman mafaka, wadda magatakardansa Al'uƙaili ya tsara da Larabci mai ƙawa. A ciki ya nemi uzuri, ya jingina abin da ya faru ga hukuncin Allah da ƙaddararSa. Mu mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malaman Sunna sun bambance tsakanin musiba da laifi. Ana haƙuri da ƙaddara a kan musiba, laifi kuwa tuba ake yi. Igwar Fardinan musiba ce. Sa hannun da ya yi bayan Lusena da hannunsa ya yi shi, bayan malamai sun faɗa masa hukuncin kuma ya ci gaba a kai. Tsakaninsa da Ubangijinsa ba mu shiga ba, mutum ne da ya zaɓi ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Musulmi alhali da ya bar addini da an ɗaukaka shi, kamar yadda aka ɗaukaka Yahaya Annajjar, kwamandan Basɗa, wanda ya karɓi baftisma ya koma Don Fedro.

An karɓe shi a Fas, ya gina gida irin ginin Andalus ya zauna. Maƙƙari, mai Nafhuɗ Ɗib, ya ce ya rasu a shekarar 940 bayan Hijira, watau wajen 1533, ya bar 'ya'ya biyu maza, Yusufu da Ahmadu. Ya kuma ce a 1027, watau 1618, jikokinsa suna nan a Fas, ana ba su daga waƙafin da aka tanada don fakirai da miskinai, ana lissafa su cikin masu bara.